Agara ba ƙashi ba ce

Wani ɗan'uwana, manomi a ƙasar Dungas, yana tura amalanken da ya cije a yashi kan hanyar dawowa daga gona, sai ya ji ɗas a bayan ƙafarsa ta dama, kamar an maka masa sanda. Ya waiwaya ya ga wa ya doke shi, babu kowa. Ya ɗingisa har gida. Isar da ya yi da ƙafarsa ita ta yaudare mu baki ɗaya, aka ce ai targaɗe ne, tunda ga shi yana takawa.

Ashe agara ce ta tsinke. Ita ce jijiyar nan mai kauri da ta haɗa naman sharaɓa da ƙashin dunduniya. Mahauta sun san ta sarai, don ta nan suke rataye ƙafar saniya a ƙugiya. Duk jikin mutum babu jijiyar da ta kai ta ƙarfi. Da ita ɗan kokawa ke tokare ƙasa, da ita mai hauya ke tunkuɗa jikinsa gaba. Takan tsinke ne wajen santimita 2 zuwa 6 sama da dunduniya, inda jini bai cika wadata ba, kuma tsinkewar ta fi cin maza ƴan shekara 30 zuwa 50. Masu kallon ƙwallo za su tuna David Beckham, wanda tasa ta tsinke a watan Maris na 2010, ya rasa gasar cin kofin duniya ta Afirka ta Kudu.

Mutum kan iya takawa bayan tsinkewar saboda akwai wasu ƙananan jijiyoyi da ke bi ta gefen idon sawu suna ɗan taimakawa. Hoton ƙashi ma ba ya nuna ta. Amma akwai gwajin da ba ya cin ko dala, wanda likita Simmonds ya bayyana a 1957, Thompson kuma a 1962: mutum ya yi rub da ciki, ƙafafu na reto a bakin gado, a matse masa sharaɓa. In agara na nan, tafin ƙafa zai motsa da kansa. In ya tsaya cik, to ta rabu. Sau da yawa ma in ka shafa da yatsa za ka ji ɗan rami inda ta katse.

Ina girmama maɗoranmu, na ga karayar da suka ɗora ta warke sumul. Sai dai dabarar ɗori ta ƙashi ce: a ja, a miƙe, a murza, a ɗaure da kara. Agara kuwa akasin haka take so. Bakunanta biyu ba sa haɗuwa sai an sunkuyar da yatsun ƙafa ƙasa, kamar mai ɗage. In aka ɗaure ƙafar a miƙe, ko aka ci gaba da takawa, sharaɓa na janye bakin sama, tazara na ƙaruwa. Bayan mako 4 zuwa 6 ciwon ya tsufa, galibi sai da babbar tiyata.

Wanda ya je asibiti a kwanakin farko yana da zaɓi biyu: a ɗinke, ko a sa siminti ƙafar na sunkuye, daga baya a koma takalmi na musamman mai tudun dunduniya, ana rage tudun sannu a hankali har wajen mako 8 zuwa 10. Wani bincike da aka yi a Norway kan mutum sama da 500, aka buga a 2022, ya nuna bayan shekara guda duka hanyoyin sun kai ga sauƙi kusan iri ɗaya. Bambancin shi ne sake tsinkewa: kashi 6 cikin ɗari ga waɗanda ba a yi wa aiki ba, ƙasa da kashi 1 ga waɗanda aka ɗinke. Wannan albishir ne ga mutumin Dungas, Dogo-Dogo ko Malawa, wanda likitan ƙashi ke masa nisa, sai Babban Asibitin Damagaram ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Siminti kan lokaci na iya wadatarwa.

Akwai abin da ke tayar mini da hankali. Ƙwayar ciprofloxacin, wadda ake saya a teburin ƴan talla don zawo ko zazzaɓi, tana cikin magungunan da ke raunana agara. Tun 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta sa babban gargaɗi a kanta. Haɗarin ya fi ga dattawa da masu shan magunguna irin su dexamethasone, waɗanda su ma ana sayar da su barkatai.

Ɗan'uwan nawa ya yi sa'a, kwana biyar da faruwar abin wani ma'aikacin lafiya ya matse masa sharaɓa ya gane, aka sa masa siminti. Wahalar jinyar ba zafi ba ne, zama ne. Damina ta kankama, gero na neman noma na biyu, shi kuwa yana kan tabarma da sandunan dogarawa a gefe, yana jin maƙwabta na wucewa da sassafe. Ƴan'uwa suka yi masa gayya. Ran da aka cire simintin, sharaɓarsa ta rame kamar ta yaro. Ya soma da jan yatsu da rawani yana zaune, sannan ɗage da ƙafa biyu yana dafe da katanga, safe da yamma. Aka hana shi gudu da tsalle da tafiya cikin yashi mai zurfi, domin watannin farko bayan cire siminti su ne lokacin da ta fi sake katsewa.

Sai da aka cika rumbuna, sanyi ya shigo ya wuce, sannan wata safiya ya kira ni bakin zaure. Ya saki katangar, ya ɗaga ƙafar hagu, ya ɗage a kan ta dama shi kaɗai, ya ƙirga har biyar.