Hoton Ƙirji da Juna Biyu: Abin da Bincike Ya Nuna

Uwargida, a ɗakin awo ana yawan jin wannan tambaya: "An ce in yi hoton ƙirji, ga shi ina da ciki, ba zai taɓa yaron ba?" Wasu ma tsoro kan sa su tafi gida da takardar, tari na cin su. Tambayar tana kan hanya, kuma akwai amsarta.

Jikinki, da na ɗan da ke cikinki, an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. A cikin kowace ƙwaya akwai wani dogon zare mai suna DNA, wanda ke ɗauke da umarnin yadda jiki zai ginu. Kullum wannan zare yana samun rauni sau dubbai a kowace ƙwaya, ko da kina zaune lafiya, ƙwayar kuma tana gyarawa. Hayaƙin taba, gubar fumfunar gyaɗa da masara, da hasken na'urar hoton ƙashi, duk suna iya ƙara wannan rauni. Mafi muni shi ne zaren ya tsinke gaba ɗaya.

To, yaya aka yi masana suka ga abin da ido ba ya gani? Da antibodi. Antibodi wani sinadari ne na garkuwar jiki wanda ke gane abu guda tak ya manne masa, kamar makulli da kwaɗonsa. A shekarar 1975, César Milstein da Georges Köhler, a garin Kambirij na Ingila, suka gano hanyar samar da antibodi iri ɗaya mai yawa a ɗakin gwaji. Tsinken gwajin ciki da aka tsoma a fitsarinki ma da antibodi yake aiki.

A 1998, ayarin William Bonner a Cibiyar Binciken Lafiya ta Amurka suka gano cewa da zarar zaren DNA ya tsinke, wani sinadari da ke naɗe da shi, mai suna H2AX, yakan sauya kama a daidai wurin, tamkar an kafa tuta don masu gyara. Sai aka haɗa antibodi mai neman wannan tuta, aka shafa masa rini mai ƙyalli. A ƙarƙashin madubin likita, kowane tsinkewa yakan fito kamar ɗigon haske, har a ƙirga.

A 2005, masu bincike a Jamus suka ƙirga waɗannan ɗigo a jinin manyan mutane da aka yi wa hoton siti sikan. Yawan ɗigon ya bi yawan hasken da mutum ya samu, kuma ga masu lafiyayyen tsarin gyara, cikin kwana guda ya koma yadda yake. Ke nan abin lura shi ne yawan hasken.

Ɗan tayi ya fi babba rauni, musamman daga mako na 8 zuwa na 15, lokacin da ƙwaƙwalwa ke haɗuwa. Amma duba lissafin. Ana auna hasken da ma'aunin miligire. Ba a ga nakasa ko ɓari a ƙasa da miligire 50 ba, hoton ƙirji guda kuwa abin da yake kai wa ɗan tayi bai kai 0.01 ba. Siti sikan na ciki ko ƙugu ya fi haka nesa ba kusa ba, shi ya sa likita kan yi dogon tunani kafin ya rubuta shi. Sikanin da ake yi miki a awo kuwa da sauti yake aiki, babu irin wannan haske a cikinsa.

Don haka, kafin kowane hoto ki gaya wa ma'aikacin kina da ciki, ko da ɓatan wata ne kawai. Kada ki je hoto a waje ba da takardar likita ba. In an riga an ɗauke ki kafin ki san da cikin, kada hankalinki ya tashi, ki kawo takardar wajen awo a duba. Maigida, in likita ya ce hoton ya zama dole, a bar ta ta yi. Tarin fuka ko ciwon huhun da ba a gano ba ya fi hoton haɗari ga uwa da ɗa.

Allah Ya raba lafiya.