Kututturen da Bai Mutu Ba

Shirinmu na yau zai yada zango a Kahu, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Kibiya, maƙwabciyar Rano, can kudancin jihar Kano. Ƙasa ce ta dawa da masara da gyaɗa, ƙasar ɗorawa da kaɗanya da tsamiya. Batunmu kuwa sauyin yanayi ne, da faɗi-tashin matasa wajen wayar da kan jama'a a kansa.

Manomin wannan yanki ba sai wani ya taso daga birni ya gaya masa yanayi ya sauya ba. Shi ne ke shuka bayan ruwan farko, sai ruwa ya ɗauke mako biyu ko uku, tsiro ya ƙone, a koma neman iri. Shi ne kuma ke ganin ruwan Agusta yana zuba kamar da bakin ƙwarya, ya yanke gona ya bar kwazazzabo. Kakanninsa har suna suka raɗa wa shekarun yunwa, irin su Kakalaba ta 1914 da 'Yar Buhu ta 1927. Farin 1973 kuwa akwai dattawan da suka gani da idonsu, kuma a shekarun nan ne gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar ruwa ta Tiga, nan kusa da Rano, aka gama ta a 1974. Abin da ya ƙaru a yau shi ne masana sun tabbatar hayaƙin fetur da kwal da gas da duniya ke ƙonawa yana ƙara zafi, yana kuma tsananta fari da ambaliya.

Ga yadda matasa suka shigo fagen, a taƙaice. A 2018 wata yarinya 'yar shekara 15, Greta Thunberg, ta fara zaman dirshan a ƙofar majalisar dokokin Suwidin, ɗalibai a ƙasashe da dama suka bi sahu duk ranar Juma'a. A Najeriya, Adenike Oladosu ta ɗauki wannan kira, ta mai da hankali kan ƙafewar Tafkin Chadi. A 2021 aka sa hannu kan dokar sauyin yanayi ta ƙasa. Ambaliyar 2022 ta ci rayuka fiye da 600. A Kano kuma, Dakta Dahir Hashim, wanda aka fara sani da dashen itatuwa a ƙungiyar Panacea Foundation, ya zama kwamishinan muhalli da sauyin yanayi. In ban da ambaliyar, duk wannan ci gaba ne, kuma matasan sun cancanci yabo.

Amma akwai tambayar da ya kamata a yi wa kowane gangamin dashe: bayan wata shida, itatuwa nawa suka rayu? Ana dasawa a damina, a ɗauki hoto, a watse. Sai hunturu ya zo, bazara ta biyo baya, gara na ci ta ƙasa, akuya na ci ta sama, rijiya kuma da nisa. Dashen da ba shi da mai shi, ba shi da shingen ƙaya, da wuya ya ga damina ta biyu.

A nan ne labarin Maraɗi ya shigo, kuma masu sauraro ku ba shi kunne sosai.

A farkon shekarun 1980 wani matashi ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, yana aikin dashen itatuwa a ƙauyukan Maraɗi, a Jamhuriyar Nijar. Ya raini itatuwa, ya raba, ya dasa, yawancinsu suka mutu. Har ya kusa fid da rai. Wata rana a 1983 yana tafe da mota cike da dashe, ya tsaya ya rage iskar taya don kada yashi ya riƙe shi. Yana tsaye sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro a gefen hanya, irin wanda kowa ke wucewa bai waiwaya ba. Ya matsa ya duba ganyen. Ashe ba ciyawa ba ce. Itace ne da aka sare tun da daɗewa, kututturen na nan da rai, saiwarsa ta yi zurfi cikin ƙasa, kowace shekara yana toho, kowace shekara kuma manomi na zuwa da sassabe ya datse shi ya ƙone. Ya ɗaga kai ya dubi filin, ya ga irinsu ba iyaka. Daji guda a kwance ƙarƙashin gonaki, shi kuwa yana ta jigilar jariran itatuwa a bayan mota.

Dabarar ba ta da wuya. A je gindin kututture, a zaɓi tohon da ya fi ƙarfi da miƙewa, kamar uku zuwa biyar, a yanke sauran, a rage rassan ƙasa, a bar shi. Shi ke nan. Ba a sayen iri, ba a ban ruwa, don tsohuwar saiwa ta riga ta san inda danshi yake. Mutanen Nijar suka kira abin sassabin zamani. Da farko manoma sun ƙi, suna ganin inuwa za ta kashe gero. A yunwar 1984 aka haɗa aikin da rabon abinci, da rabon ya ƙare da yawa suka sare itatuwansu. Amma waɗanda suka bari sun ga itacen girki a ƙofar gida, sun ga ganyen dabba a tsakiyar rani, sun ga iska ta daina binne tsiro da yashi. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Bayan shekara ashirin da 'yan kai, hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna wajen hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar, itatuwa kimanin miliyan 200. Miliyan ɗari biyu, jama'a, kusan duk daga kututture da tsiron da ya fito da kansa. A 2018 Rinaudo ya sami lambar yabo ta Right Livelihood, tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso.

Wannan ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar Kano. Michael Mortimore, masanin da ya koyar a Zariya da Jami'ar Bayero, ya yi shekaru yana nazarin gonakin kewayen Kano, ya tarar duk da yawan jama'a manoma na riƙe itatuwan gonarsu, ba su bari sun ƙare ba. Kowane dattijo a Kahu ya san gawo: yana zubar da ganye da damina ya bar wa dawa rana, ya yi kore da rani, ƙarƙashinsa kuma amfani ya fi kyau. Kowace uwa ta san abin da ɗorawa ke bayarwa, kalwa ta zama daddawa, da abin da kaɗanya ke bayarwa.

Saboda haka matashin Kahu da ke son shiga wannan gwagwarmaya yana da abin da ɗan birni ba shi da shi. Yana da gona, yana da dattijon da zai nuna masa kalgo da sabara da marke tun suna toho, yana da waya a aljihu da zai ɗauki gindin itace bana ya sake ɗauka baɗi ya tura wa abokai ta WhatsApp. Akwai aikin gayya, akwai majalisar bakin kasuwa, akwai liman da dagaci da mai unguwa, waɗanda in suka ce kada a taɓa itacen da aka ɗaura wa ƙyalle don alama, magana ta zauna. Wayar da kai da ta bi ta waɗannan ƙofofi, cikin Hausar gona, ta fi allon sanarwa na Turanci isa inda ake so.

Kada kuma a manta, mai sare itace ya yi gawayi shi ma matashi ne, kuma yawanci rashin abin yi da rani ne ya miƙa masa gatari. Gangamin da ya tsaya a zaginsa bai taɓuka komai ba. Sai an yi maganar noman rani, da murhu mai cin itace kaɗan, da kuɗin da ke cikin kalwa da zuma.

Lokaci na neman ƙwace mana. Akwai shirin ACReSAL na Bankin Duniya, da Kano ke cikinsa, mai aikin gyaran ƙasar da ta lalace, kuma ƙungiyoyin samari na iya bibiyar inda aikinsa ya kai. Akwai hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa farkon kowace shekara, har da fassarar Hausa, mai nuna lokacin saukar ruwa da ɗaukewarsa. Ɗalibi ɗaya mai waya zai iya karanta wa unguwa guda. Sassabe kuwa sai bazara, gab da faɗuwar damina, lokacin da ake zaɓen tohon da za a bari.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. A huta lafiya.