Shiga Makarantar Hafsoshin Soja Bayan Raunin Sakamakon Sakandare

Kowace shekara samari da 'yan mata masu sha'awar aikin soja sukan fid da rai da shiga Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta Nijeriya, watau NDA da ke Kaduna, saboda jarrabawarsu ta ƙarshen sakandare ba ta yi kyau ba. Wannan bayani domin su ne, da iyayensu.

An kafa makarantar a 1964, ta fara karatun digiri a 1985, ta kuma fara ɗaukar mata a 2011. Tun da yake jami'a ce, ba ta sassauta sharuɗɗan ilmi ga kowa.

Abin da ake bukata

Wajibi ne mai nema ya sami kiredit biyar, ciki har da Turanci da Lissafi, a jarrabawar WAEC ko NECO, a zaman da bai wuce biyu ba. Sai ya yi jarrabawar JAMB, ya sa NDA a zaɓinsa na farko. Bayan haka akwai jarrabawar makarantar kanta, sa'an nan kwamitin tantancewa na sojoji ya duba lafiyarsa, da ƙarfin jikinsa, da halinsa.

Yadda ake gyara

A lura da sharaɗin nan na zama biyu, domin nan mafita take. Wanda ya faɗi Lissafi, alal misali, yana iya sake zama a jarrabawar da WAEC da NECO ke shirya wa waɗanda suka riga suka bar makaranta, ya haɗa sabon sakamako da tsohon. Wanda kuwa kiredit ɗinsa suka warwatsu a zama uku, sai ya sake rubuta darussan a zama guda.

Amma da sanyin safiya ake kama fara. Akwai iyakar shekarun haihuwa, wadda ake bayyanawa cikin sanarwar kowace shekara, kuma wanda ya zarce ta ba a karɓarsa kome kyawun takardunsa. Saboda haka kada a jinkirta sake zama.

In shekaru sun wuce

Ƙofa ba ta rufe ba. Wanda ya ci gaba da karatu har ya sami digiri ko babbar difloma yana iya neman zama hafsa ta hanyar gajeren kwas. Akwai kuma shiga kurtu a Defo na Zariya, inda ake fara aiki daga ƙaramin soja.

Gargaɗi

Ana jan kunnen iyaye kada su sayar da gona ko dabba su miƙa wa wani mai cewa zai samar wa ɗansu gurbi. Ba a sayar da gurbi. Haka nan kada a kuskura a gabatar da takardar jabu ko a rage shekaru. Ramin ƙarya ƙurarre ne: ana bincika takardu, kuma wanda aka kama korarsa za a yi, ko da ya yi nisa da horo.

Jama'a, a tura yara su koma ga littafi tun lokaci bai ƙure ba.