Yadda Ake Rarrabe Mabuɗan Wasan Ces

Masu dara na Gyallesu ta Zariya sun san tun wajen dasa 'ya'ya ake gane gwani. Gidaje 30 ne, kowa da 'ya'ya 12, wanda kuwa ya dasa nasa barkatai da wuya ya jera uku ya ci. To, haka al'amarin yake a darar nan da Larabawa ke kira shaɗaranji, Turawa kuma ces.

Allonta gida 64 ne, kowa da runduna ta 16, watau sarki da sarauniya da manyan mayaƙa 6 da dakaru 8. Mai farare ke farawa, yana da motsi iri 20 da zai zaɓa, mai baƙaƙe ma 20. Ashe kowa ya taka sau ɗaya, allon na iya kasancewa a hali iri 400. Ba mai iya riƙe abin da zai biyo baya da ka, saboda haka masana suka kasa mabuɗan wasa dangi dangi.

Malaman Bagadaza, irin su Al-Suli wanda ya rasu a 946, sun laƙaba wa jerin rundunarsu sunaye. A 1561 wani limamin Kirista na Sifen, Ruy López, ya wallafa littafi, har wani mabuɗi ya ci sunansa. Daga 1974 aka fara buga kundi a Belgired wanda ya kasa mabuɗai gida 500, daga A00 zuwa E99.

Mu ɗauki dangi biyu. In kowa ya tura dakaren gaban sarki taki biyu, wannan shi ne buɗaɗɗen wasa, gama hanyoyi kan buɗe, a gwabza da wuri. In kuwa dakarun gaban sarauniya aka tura, rufaffen wasa ke nan, sai haƙuri da dabara.

Sa'ad da muke auna motsi, tambaya uku muke yi. Ya kama tsakiyar allo? Ya fito da mayaƙi fage? Ya tsare sarki? Muna gargaɗin mai koyo kada ya haddace motsi bai san dalilinsa ba, domin ranar da abokin karawa ya kauce wa littafi, dalilin nan kaɗai zai fisshe shi. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.