Yaya saƙon sanarwa ke tashi da kansa?

Ɗan Afala da ke bida a Abijan ya turo kuɗi gida. Kafin ya buga waya, salular ƙaninsa a Tawa ta riga ta yi ƙara. Babu ma'aikacin da ya zauna ya rubuta saƙon, manhaja ce ta tura shi. Ɗaya daga cikin dabarun da ake gina irin wannan aiki a kai ita ce tsarin masu sa ido.

A tsarin, ɓangare guda na manhajar ne ke riƙe da abin da ke canzawa, misali asusu. Sauran ɓangarorin da ke son labari, wato masu sa ido, sai su yi rajista a wurinsa. Da zarar kuɗi sun shiga, ya bi jerin ya sanar da kowa: mai aika imel ya aika, mai tura gajeren saƙo ya tura, mai ajiye lissafi ya rubuta. Asusun ba ruwansa da abin da kowannensu zai yi da labarin, kuma nan ne amfanin yake.

Erich Gamma da abokansa uku sun bayyana dabarar a littafinsu Design Patterns na 1994, cikin dabaru 23. Kayan gina shafukan intanet irin su Laravel da Django suna da ita.

Ɗalibin Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa zai iya buɗe imel, amma manomin ƙauyen Adar ya fi dogara da gajeren saƙo. Mai manhaja sai ya ƙara mai sa ido ɗaya domin manomin, ba tare da ya taɓa lissafin asusun ba. Idan aika saƙo na jinkiri, akan jera saƙonnin a layi, su riƙa fita daga baya.