Waƙar kifin wel a wurin kiwo ma'aunin lafiyar teku ce

Tun 1971, lokacin da Roger Payne da Scott McVay suka nuna cewa kukan kifin wel mai doro waƙa ce mai tsari, mai gaɓoɓin da ake maimaitawa sa'o'i da yawa, aka ɗauke ta a matsayin harkar neman mace kawai. Akwai hujja. Maza ne kaɗai ke rerawa, kuma an fi jin su a ruwan ɗumi na Hawai da Karibiyan, inda waɗannan manyan dabbobi masu shayarwa ke taruwa da hunturu don barbara da haihuwa, kusan ba sa cin komai. Ruwan sanyi kuwa, inda suke tara kitse, an ɗauka wurin aiki ne, ba na waƙa ba. Wannan fahimta ta samo asali ne daga inda masu bincike ke iya zuwa da jirgi, domin ba kowa ke son shiga teku mai ƙanƙara a watan Nuwamba ba.

Da aka fara ajiye na'urorin ɗaukar sauti a ƙasan teku, suna saurare dare da rana, sai labari ya sauya. A 2004 Christopher Clark da Phillip Clapham suka ba da rahoton waƙa kusan kullum a yankin Georges Bank, gabas da Amurka, har zuwa farkon Yuni. A Stellwagen, kusa da Boston, an ga tana da lokutanta: ana jin ta a Afrilu da Mayu bayan dawowa daga kudu, ta ɗauke a tsakiyar lokacin zafi, sannan ta dawo da ƙarfi daga Oktoba zuwa Disamba, gab da tafiya. A Antatika ma, na'urorin da aka manna wa dabbobin a jiki sun ɗauko waƙa a tsakanin nutson neman abinci.

A ganina muhimmancin wannan ya wuce gyara kuskuren masana. Waƙa a wurin kiwo tana bin yanayin abinci, don haka mai saurare yana iya sanin halin da teku ke ciki. Mashigin Monterey na Kaliforniya ne ya fi nuna haka. Cibiyar binciken teku ta MBARI ta kafa na'ura a zurfin kimanin mita 900 a 2015, daidai lokacin da wata ɗumamar ruwa mai tsanani ta rage abinci a yankin. A shekarar farko an ji waƙar mai doro a kashi 34 cikin ɗari na ranaku, bayan shekara shida ta kai kashi 76. Mai doro ba ya zaɓen abinci, in ƙananan jatan landen da ake kira kiril sun yi ƙaranci sai ya koma kan ƙananan kifaye. Shuɗin wel, wanda ya fi kowace dabba girma a duniya, kiril kaɗai yake ci, kuma waƙarsa ta hau ta sauka ne tare da yawan kiril ɗin. Wani bincike na 2020 ya ƙara da cewa shuɗin wel ya fi waƙa da dare muddin yana kiwo, saboda rana ta nutso ce, amma da zarar ya kama hanyar kudu sai waƙar ta koma rana.

Mai ja zai ce waƙar kaka ba ta da alaƙa da abinci, jikin namiji ne kawai ke shirin barbara. Gaskiya ne sinadaran jiki suna da hannu, su ne ma suka fi bayyana dalilin da ya sa waƙar ke tashi a watanni iri ɗaya kowace shekara. Sai dai ba su bayyana bambancin da ke tsakanin shekarar yunwa da ta ƙoshi ba, alhali watannin ba su sauya ba. Suka ta biyu ta fi nauyi: na'ura ba ta ƙirga kawuna. Raguwar waƙa na iya nufin dabbobin suna nan sun yi shiru, ko sun ƙaura, kuma mata da 'ya'ya ba sa cikin lissafin. Shi ya sa ba a dogara da kunne shi kaɗai, ana haɗa shi da hotunan wutsiya da ake tantance kowane wel da su, da ƙididdigar kifaye. Ga kuma gajerun kiraye-kiraye, waɗanda maza da mata duka ke yi. Waƙa tana sauyawa shekara bayan shekara, amma a kudu maso gabashin Alaska an sami kiraye-kirayen da suka shafe shekara 36 ba su canza ba, abin da ke sa su zama shaida mai ɗorewa cewa garke na nan.

Tuni aka fara cin moriyar wannan sauraro. A mashigin Santa Barbara, tun 2020, tsarin Whale Safe ke haɗa sautin da wata na'ura da aka girke a kan ruwa ta ɗauko da rahoton masu gani da ido, ya sanar da manyan jiragen dakon kaya cewa wel na kusa, su rage gudu kada su banke shi.