YAJIN GASHI DA RUWAN JIƘA NAMA: YADDA AKE HAƊA SU A GIDA

Muna gaishe da ɗaliban yaƙi da jahilci, maza da mata, tare da malamansu. Gaisuwa ta musamman ga mutanen Dogo-Dogo, da na Dungas, da na Magarya, cikin jahar Damagaram.

Yau hirarmu a kan gasasshen nama take. Ranar kasuwa, ƙanshin tsire shi ke tarbar mutum tun bai kai rumfar mahauta ba. Ranar suna, ko ranar biki, ko ranar babbar Salla, kowane gida yana hura wuta. Amma ku lura da wani abu. Rago iri ɗaya, wuta iri ɗaya, sai naman wani gida ya yi daɗi, na wani gida kuwa ya yi tauri, ko ya ɓata wa yara ciki. Mene ne dalili? Sau da yawa dalilin yana cikin yaji, da yadda aka jiƙa naman. Ku ɗauko littafinku da alƙalami, domin akwai awo da za ku rubuta.

SANA'AR DA MUKA GADA

Gashin nama tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Muna da tsire, wanda ake tsirewa a tsinke a kafa kewaye da wuta a tukuba. Muna da balangu, muna da kilishi. Mahautanmu sun kai wannan sana'a nesa. A kudancin Najeriya ana ce mata suya. A Kamaru ana cewa soya, a Gana cicinga, a Sudan kuma agashe. Sunan ya sake, amma asirin ɗaya ne: garin ƙuli-ƙuli da kayan yaji.

Ƙuli-ƙuli kuwa ɗan gyaɗa ne, kuma ƙasar Magarya ƙasar gyaɗa ce. Dattawanku suna tune da zamanin SONARA, kamfanin da aka kafa a 1962 don sayen gyaɗar manoma. Suna tune da masana'antar matsar mai ta SEPANI a Magarya. Farin 1973 da 1974, da cutar da ta kama gyaɗa a 1975, su suka karya wannan babban ciniki. Amma mata ba su bar sana'arsu ba. Suna soya gyaɗa, su niƙa, su matse mai, su murza tunkuza su yi ƙuli-ƙuli. Ashe tushen yajin gashi yana cikin gidajenku.

DAGA GYAƊA AKE FARAWA

Hausawa sun ce wake ɗaya shi ke ɓata gari. Haka gyaɗa ɗaya take ɓata yaji.

Idan gyaɗa ta sha fari a gona, ko aka ajiye ta ba ta bushe ba, sai fumfuna ta kama ta. Wannan fumfuna tana haifar da wata guba mai suna aflatoksin. An gano ta ne bayan shekarar 1960, lokacin da talo-talo kusan 100.000 suka mutu a Ingila, saboda sun ci abinci mai garin gyaɗa a ciki. A 2004, a ƙasar Kenya, mutum 125 suka rasu bayan sun ci masara mai wannan guba.

Gubar tana lalata hanta sannu a hankali. Tana iya kawo ciwon daji na hanta, musamman ga wanda dama yake da ciwon hanta. Tana kuma tauye girman yara. Abin da ya fi muni shi ne wuta ba ta gamawa da ita. Ko an soya, ko an gasa, saura yana nan. Idan aka matse mai kuwa, mafi yawan gubar a cikin tunkuza take zama, wato a cikin ƙuli-ƙulin da za a daka a yi yaji.

Akwai wata ɗabi'a da ya kamata mu bari. Sai mutum ya kai gyaɗa mai kyau kasuwa, ya bar tsintar a gida, ya ce ai ta isa ƙuli-ƙuli. Wannan kuwa sayar da lafiyar iyali ne da arha.

To, me za ku yi? Ku shanya gyaɗa har sai kun girgiza ta kun ji tana ƙara cikin kwanso. Ku ɗora buhu a kan itace, kada ya taɓa ƙasa ko bango. Kafin ku soya, ku baza ta a faifai ku tsince. Ku fid da wadda ta yamutse, da wadda ƙwaro ya huda, da wadda ta sake launi, da mai fumfuna. Wadda kuka fid da, ku binne ta. Kada ku ba akuya ko saniyar da ake tatsa, domin gubar tana bi ta cikin nono. Idan sayen ƙuli-ƙuli za ku yi, ku karya ɗaya ku shinshina, ku ɗanɗana. Mai ɗaci ko mai warin tsufa, ku bar shi.

YADDA AKE HAƊA YAJI

Ma'auninmu biyu ne: ƙaramin gwangwanin madara, da cokalin cin abinci. Ku rubuta:

Garin ƙuli-ƙuli, gwangwani 3.
Garin busasshen tattasai, cokali 4.
Garin barkono, cokali 3.
Garin citta, cokali 3.
Garin busasshiyar tafarnuwa, cokali 1.
Masoro, cokali 1.
Kanumfari, rabin cokali.
Kimba, rabin cokali.
Gishiri, cokali 2.

Wannan zai ishi nama kamar kilo 3.

Kowanne da aikinsa. Ƙuli-ƙuli shi ke manne wa nama, ya ba shi gardi. Tattasai yana ba da ja ba tare da zafi da yawa ba. Barkono da citta da masoro su ke da zafi. Kanumfari da kimba na ƙanshi ne. Suna da ƙarfi ƙwarai, in sun yi yawa sai yaji ya yi ɗaci.

Ku nemi ƙuli-ƙulin da ba a sa masa sukari ba. Ku ɗanɗana shi tukuna. In yana da gishiri, ku rage naku. Ku shanya kayan yajin su bushe ƙarau, a kan tsabtataccen faifai, a inda kaji da awaki ba sa kaiwa. Ku daka masu tauri su kaɗai, ku tankaɗe. Ƙuli-ƙuli kuma ku daka shi a hankali. In kuka matsa masa da taɓarya, sai ya fid da mai ya dunƙule. Daga nan ku haɗa duka, ku juya, ku sake tankaɗewa.

Ku zuba yajin cikin busasshiyar kwalba mai murfi. Kada ku sa jiƙaƙƙen cokali a ciki. Ku rubuta ranar da kuka daka shi a ƴar takarda, ku manna a jikin kwalbar. Yaji mai ƙuli-ƙuli ba ya son daɗewa, saboda man da ke ciki yana tsufa. Gara a daka kaɗan kaɗan, musamman da damina.

Masu son sa dunƙulen ɗanɗano, su sani yawancinsa gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya. In kun sa dunƙule, ku rage gishiri. Wannan gargaɗi ya fi shafar masu hawan jini.

RUWAN JIƘA NAMA

Yaji a bayan nama yake tsayawa. In kuna son ɗanɗano ya kama naman sosai, sai ku jiƙa shi kafin gashi. Ga awon kilo 1:

Albasa babba, 1.
Tafarnuwa, sala 4.
Ɗanyar citta, kamar tsawon babban yatsa.
Ruwan lemun tsami 2, ko ruwan tsamiya cokali 4.
Man gyaɗa, cokali 3.
Gishiri, rabin cokali.

Ku kirɓa albasa da tafarnuwa da citta a turmi. Ku zuba ruwan tsamin, da mai, da gishiri. Ku yanka naman falle falle, kuna gicciye jijiyarsa, kada ku bi tsawonta. Ku cuɗa shi da haɗin, ku rufe, ku ajiye a inuwa.

Gishiri shi ke ratsa nama ya shiga ciki. Tsami yana tausasa bayansa. Ɗanyar citta tana da wani sinadari mai sassauta tsoka. Mai kuwa yana riƙe ƙanshi, ya hana nama bushewa a kan wuta. In naman tsohuwar dabba ne, ku wanke ganyen gwanda, ku murza shi, ku naɗe naman a ciki. Shi ma yana sa laushi. Mutanen Senegal suna da wani abinci mai suna yasa. Da lemun tsami da albasa mai yawa suke jiƙa kaza ko kifi kafin su gasa.

Yi amfani da kwanon roba mai kyau ko tasa mai fenti. Tsami yana cin tukunyar alminiyam, ya ɓata ɗanɗano.

Har tsawon wane lokaci za a jiƙa? Nan ne mutane da yawa suke kuskure. Masu firji suna iya barin nama ya kwana a ciki. Wanda ba shi da firji, a zafi irin namu, kada ya wuce awa 1. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa da sauri a ɗanyen nama, kuma ido ba ya ganinsu. Tsami da barkono ba sa kashe su duka. Idan nama ya fara wari ko yauƙi, babu yajin da zai gyara shi. Ɓoye warin kawai zai yi. Haka kuma naman dabbar da aka yanka tana fama da ciwo: kada a ci sai likitan dabbobi ya duba.

Bayan awa 1, ku tsame naman, ku tsire shi, ku barbaɗa yaji ciki da baya, ku yayyafa mai. Ruwan da ya rage a kwano ya gauraya da jini. Ku zubar da shi, ko ku tafasa shi sosai. Kada ku shafa shi a kan naman da ya riga ya gasu.

MIYAR SHAFAWA DA DANGWALA

A Amurka, masu gashi suna dafa wata miya mai kauri, da tumatir, da ruwan tsami, da sukari, su shafa wa nama. Ana sayar da ita cikin kwalba da tsada. Kayan haɗa irinta suna nan a lambunanmu na rani.

Ku soya albasa 2 cikin mai cokali 3. Ku zuba niƙaƙƙen tumatir 5, da tattasai 2, da attarugu 1. Ku ƙara ruwan tsamiya rabin gwangwani, da zuma ko sukari cokali 1, da ɗan gishiri. Ku bar ta a ƙaramar wuta kamar minti 20, kuna juyawa, har ta yi kauri.

Ku raba ta biyu tun kafin gashi: kwano ɗaya na shafawa, kwano ɗaya na dangwala. Sai nama ya kusa gasuwa za ku shafa ta, domin zaƙi yana saurin ƙonewa. Miya ce ta yini ɗaya. Kada ta kwana.

WUTA

Da garwashi ake gashi. Ku jira harshen wuta ya kwanta. Kada ku hura wuta da leda, ko roba, ko tsohuwar taya, domin hayaƙinsu guba ne, kuma nama yana shan sa. Ku riƙa juyawa, kada ya ƙone ya yi baƙi. Ku yanka mafi kauri ku duba. In babu sauran jini, ruwan da ke fita kuma ya yi fari, to ya gasu. Masu ma'aunin zafi suna neman digiri 70 a tsakiyar nama.

Kada ku mai da gasasshen nama cikin tiren da ɗanye ya zauna. Ku wanke hannu da wuƙa da sabulu. Gasasshen nama ma kada ya wuce awa 2 a ajiye. In ya huce, ku mai da shi wuta ya yi zafi sosai kafin a ci.

Idan nama ya yi yawa, kamar na layya, ku yi kilishi. A feɗe shi siriri, a shanya. A dama tunkuza da ruwa da kayan yaji, shi ne labu. A tsoma naman, a sake shanyawa, sannan a ɗan gasa. Nan ma tunkuzar gyaɗar da aka tsince ake so.

ABIN TUNAWA

1. Yaji mai kyau daga gyaɗa mai kyau yake fitowa.
2. Wuta ba ta gamawa da gubar fumfuna.
3. In babu firji, jiƙon nama awa 1 ne.
4. Yaji ba ya gyara ruɓaɓɓen nama.
5. Ɗanye daban, gasasshe daban.

AIKI A AJI

1. Gwangwani 3 na ƙuli-ƙuli sun ishi kilo 3 na nama. Gwangwani nawa za su ishi kilo 9? Barkono kuma cokali nawa?
2. Ku rubuta alamu 4 na gyaɗar da ya kamata a fid da.
3. A garinku, me ake yi da tsintar gyaɗa? Ku tattauna da malaminku, ku faɗi abin da ya kamata a sake.

Jama'a, rigakafi ya fi magani. Wanda ya ji, ya gaya wa wanda bai ji ba, musamman masu sana'ar ƙuli-ƙuli da masu tukuba. Sai mun sake saduwa a hira ta gaba. Mu kwana lafiya.